Wa nake dubawa a cikin gero?

Ni ɗan Tasawa ne, amma tsohona manomi ne a Korgom. Bayanshi na koyi salla, hannu sake, kamar kowa a gidanmu. Da na samu bak, takardar gama sakandare, na tafi iniberisite ban san kowa ba, ba ni da halin kama haya. Wasu ansiyan, tsofaffin ɗalibai 'yan yankinmu, suka karɓe ni ɗakinsu a site, gidan kwanan ɗalibai, suka ba ni katifa, tukunya ɗaya muke ci. Wallahi na ɗauka na faɗo cikin 'yan'uwa.

Satin farko, ina sallame la'asar, babbanmu na ɗakin ya tambaye ni wa ya koya min salla kamar soja a fareti. Aka yi dariya, ni ma na yi. Kwana biyu abin ya bar zama wasa. Suka zaunar da ni, wai ɗakin nan aƙida ɗaya ake, ko in ɗora hannu a ƙirji in bar wuridin da na zo da shi, ko in ɗauki jakata. Na ce su nuna min a littafi in karanta tukuna. Babban ya ce karatu daga baya, maganar katifa yau ce. Kaina ya ɗaure. Mutanen da in ana zanga-zanga su ne gaba, suna ihun 'yancin ɗalibi! Na tuna ba ni da wurin kwana, na ɗora hannu. Tasbahata na tura cikin safa.

Da bakansi, hutun ƙarshen shekara, na je Korgom noma. Azahar ta iske mu gona, ni da baba kawai, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Kafin in yi kabbara sai na waiga hagu, na waiga dama, sannan na kama ƙirji. Da muka sallame bai yi faɗa ba. Ya ce ɗora hannu ba laifi ba ne, malamai da yawa haka suke, in na karanta na gamsu in riƙe abina. Shi dai abin da yake son sani, wa nake dubawa a cikin gero.

Ashe shekara guda ina salla, hankalina na kan wanda ke kallona. Da na koma na kwashe kayana, na yi wata ina kwana a barandar aji kafin in samu wuri.

'Yan'uwa ɗalibai, in kuna ganin gaskiya na wurinku, ku ba mutum littafi, ku ba shi lokaci, kar ku riƙe shi da katifa. Ku kuma sabbin zuwa, kar ku yarda da sauri kamar ni. Na bar ɗakin tuni, amma har yau in na tsaya kabbara, wani lokaci sai na tsinci kaina ina waigawa.