Man Babur a Rumbun Damina

Yanzu in ka zauna a bakin kasuwar Illela, kafin ka shanye furarka babura sun wuce ka ba adadi, wasu da buhuna, wasu da akuya ɗaure a baya. Mai kuwa a kwalba ake sayar da shi a gefen hanya, kowa ya san warinsa, kowa ya san inda ake ajiye shi da inda ba a ajiyewa. A zamanin da zan ba da labari, Turawa ba su daɗe ƙwarai da zama ba, babur ɗaya ne muka sani a wannan yanki, in ya taso mata sukan kwashe yara su shige gida. Na yi tafiye-tafiye da yawa a rayuwata, mafi yawansu sun fita daga raina. Wadda ba zan taɓa mantawa ba kuwa, tafiya ce da aka shirya aka gaji da shiri, ba a yi ta ba.

Ni ɗan fatake ne. Na bi mahaifina Gwanja tun ina ƙarami, a hanya na tsinci Zabarmanci da Gurmanci, Fillanci kuwa a gida na tashi da shi. Turanci a Kumasi na koya, Faransanci ɗan na ciniki a Ƙonni. Da goro ya koma biyo jirgi, fataucin jakuna ya mutu a hannunmu, sai na zama tafintan wani Bature, likitan shanu, wanda ya zo yi wa garkunan Fulani allura. Shi ne mai babur ɗin.

Wata rana da la'asar, bayan mun dawo daga rugagen Tozai, ya shimfiɗa taswira a kan akwati ya ce in zauna. Yana da hutu na makonni, ba ya son zuwa gida. So yake ya hau babur ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faranshi ke mulka, ya ga duwatsun Adar, ya juya yamma ta Dogonduci da Doso har kogi, ya keta Gurma ya sauka Gwanja, ya dawo ta Dahomi ya shigo ta Kamba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me za ka saya a can?"

Ya ce, "Ba kome."

"To, wa za ka gaisar?"

Ya yi dariya ya ce da Hausarsa mai tauri, "Kallo, Tafinta. Kallo kawai."

Na ga mai tafiya don riba, na ga mai tafiya don Makka, na ga mai gudun yunwa. Mai tafiya don kallo ban taɓa gani ba sai shi. Amma ba zan ɓoye ba, shirin ya yi mini daɗi da farko. Shi yana bin layi a takarda, ni ina zana hanya a ƙasa da kara. Yakan tambaye ni inda ya fi kyau, ni kuma in ba shi labarin inda rijiya take da zurfi da inda sarkin gari yake da kwaɗayi. Ya ce in kwatanta masa duwatsun Adar, ni kuwa duk abin da na sani game da su shi ne suna fasa kofaton jaki. Raƙuman dawa na wajen Doso ma da yake ɗokin gani, ni na sha wuce su ina lissafin zango.

Matsalar ita ce mai. Ana samunsa a manyan garuruwa inda Faransawa suke, amma tsakaninsu akwai nisa da yashi, babur kuwa ba ya ɗaukar abin da zai ishe shi. Sai na ce wannan mai sauƙi ne. Kowane falke yana da masauki a kowane zango, gidan da ubansa ya sauka, inda yake barin kaya ya dawo bayan shekara ya tarar da su yadda ya bari. Za mu tura garewanin mai gaba a kan raƙuma, a ajiye a gidajen masu masaukina. Ya buga cinya don murna. Na nesa muka ba wani ayarin Buzaye, na zangon farko kuwa ni da kaina na kai.

Zangon farko wani ƙauye ne bayan Ƙonni, ta hanyar Tawa. Mai gidan sa'ana ne, ubansa ya sauki ubana, mun yi kokawa muna yara. Yana ganina da garewani ya fara.

"A'a, yaron Nasara! Mi ka kawo muna?"

Na ce, "Abincin dokin ƙarfe ne, Ba'adare. Wannan shi yake sha, wannan baƙin kuma na shafawa ne."

"Dokin da ba shi cin harawa, ina amfaninai?"

Na gaya masa abin da Bature ya gaya mini, ban rage ba: kada wuta ta kusance su, kada rana ta taɓa su, kada yara su yi wasa da su. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Kai, tahi abinka. Tun zamanin uwayenmu, wane kaya naku ya taɓa ɓacewa gidanga?"

Bai tambayi abin da zai faru in sun daɗe ba, ni ma ban sani ba balle in faɗa. Kuma a wancan lokaci abin kunya ne mai masauki ya tsananta tambaya a kan kayan baƙo. Na ga yadda wasu ƙasashe suke yi. A Kumasi sai an kwance kaya gaban shaidu, Faransawa kuwa sai sun buga hatimi. Mu a rufe ake karɓa, a rufe ake mayarwa.

Daga nan jira ya fara. Sai an samu takardar izini daga Kumandan, Bafaranshen da ke mulkin Ƙonni. Na yi ta sintiri tsakanin Illela da Ƙonni har masu gadin iyaka suka daina tambayata, sai dai su ce, "Ba ta zo ba tukuna?" Kumandan ya ce sai ya aika Yamai. Da ta dawo, an rubuta ƙasa ɗaya an bar sauran. Aka sake aikawa. Sanyi ya wuce. Takarda ta zo daidai, sai sarƙar babur ta tsinke a yashin ƙauyen Araba, aka aika Ikko neman wata. Bazara ta shigo da zafin da ko ƙadangare ba ya fita da tsakar rana. Bature bai fasa shimfiɗa taswira ba, amma ni na gaji da ita. Mun bi hanyar nan da baki har na fara jin kamar mun je mun dawo. Kullum sai ya canja wani abu, yau mu fara ta yamma, gobe mu ƙara kwana a bakin kogi.

Sarƙa ta iso, cutar bushiya kuma ta ɓarke a shanun gabas. Aka kira Bature can, hutu ya rushe. Ranar da zai tashi ya naɗe taswirar, ya ce cikin sanyin murya, "Wata shekara, Tafinta." Ya ce in karɓo man da ke kusa, na nesa a bar wa masu gida. Ban sake ganinsa ba. Babur ɗin nan bai taɓa wuce Ƙonni ba.

Hadari ya fara haɗuwa lokacin da na isa ƙauyen abokina. Tun daga zaure na ji wari. Na ɗauka a tufafina yake, don na saba da shi. Ya tarbe ni, amma babu tsokana, babu "yaron Nasara". Aka kawo tuwo. Na kai loma ta farko, sai na ji warin nan a cikinta. Shi kuwa yana ci, kansa a ƙasa, loma bayan loma, kamar ba kome.

Sai muryar uwargidansa daga bayan zana: "Malam, ka gaya mishi mana. Ko sai ɗiyan sun ƙare da amai?"

Ya wanke hannu ya ce in biyo shi.

Mutanen Adar rumbu biyu suke yi. Ƙarami ana ci daga kaka har rani. Babban kuwa, na laka mai kama da tulu, ana cika shi a liƙe bakinsa, ba a buɗewa sai damina ta zo, lokacin da ake noma kuma babu hatsi a ko'ina. Irin shuka ma a ciki yake. Abokina ya duba gidansa kaf, ina ne wuta ba ta zuwa, rana ba ta shiga, yaro ba ya kaiwa? Wuri ɗaya ne. Ya fasa liƙin rumbun damina, ya tona tsakiyar dammunan gero, ya jera garewanin a inda yake ajiye abin da ya fi daraja a gidansa, ya sake liƙewa.

Na hau tsani na leƙa, warin ya kusa jefo ni. Zafin bazara ya kumbura garewanin har sun tsage ta gefe. Fetur ya tsiyaye ya bi geron, baƙin man ya gangara har ƙasa. Wata da watanni suna rufe tare. Mutanen gidan sun wanke geron, sun shanya, sun sake wankewa. Ko kaji sun ƙi ci. Abincin gida guda ne na damina ɗungurungum, ga ruwa yana shirin sauka.

Na sauko daga tsani. Shi ya riga ni magana. Ya durƙusa a gindin rumbun, mutum mai furfura a gemu, ya ce, "Ɗan'uwa, ka gahwarce ni. Amanarka ta zube hannuna. Ban san abin da za ka ce ma Nasara ba."

Na ji zagi a harsuna da yawa, ba wanda ya taɓa yi mini nauyi kamar wannan ban-haƙuri.

Na koma Illela na buɗe namu rumbun, na ɗoro wa jakuna gero. Abokina ya tare ni a ƙofar gidansa ya ce geron ba zai shiga ba. In ya karɓi diyya a kan ajiya, gidansa ya zama kanti ke nan, ubansa bai bar masa kanti ba. Mun yi ta ja har liman ya sa baki. A ƙarshe ya yarda da irin shuka kaɗai. Sauran na juya da shi, na bar shi gidan wata gwaggonsu, ita ta riƙa aika wa uwargida kaɗan-kaɗan a ƙwarya da sunan zumunci. Ya sani, bai taɓa nunawa ba. Duk da haka bai isa ba. Ya sayar da karsanarsa, babban ɗansa ya tafi kudu neman abinci, ya zauna can har yau.

Bayan kaka na sake bi ta ƙauyen da ɗan ƙunshin kaya zan bari. Ya tarbe ni da fara'a, har "yaron Nasara" ya dawo. Na miƙa ƙunshin, ya miƙo hannu, sai ya tsaya. Bai dube ni ba, ya ce a hankali, "Mi na ciki?"

Na kwance na nuna masa. Turmin atamfa ne da kanwa. Ya karɓa, mu duka biyu muna jin kunya.

Abin da na koya shi ne, kada ka ɗora wa mutumin kirki ajiyar abin da kai kanka ba ka san halinsa ba, don shi da mafi kyawun abin da ya mallaka zai tsare maka. Labarin rumbun ya bi zango-zango har Doso. Daga wannan shekara, a kan hanyar nan, ba a sake karɓar kayan baƙo a rufe ba.