Inna Kefa Za Ta Ajiye Biro

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin awon jarirai a ƙaramin asibitin unguwarmu. Ta goge ma'auni, ta shimfiɗa tawul a kai kada sanyin ƙarfe ya taɓa yaro, sannan ta jawo kujera kusa da tata. Shekara talatin da ɗaya ke nan. In ta gama auna jariri ba ta sallamar uwar. Sai ta ajiye biro, ta dube ta, ta ce, "To, shi mun gani. Ke fa?" Shi ya sa kowa ke ce mata Inna Kefa. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ni mai walda ne. Ban yi nisa a karatu ba, ban kuma iya yabon mutum ba. Amma wannan dole in faɗa.

Da matata ta haifi ɗanmu na uku sai ta zama wata daban. Yaro na kuka, tana kallon bango. Ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone. Babbar 'yarmu ta bar makaranta ta koma raino. Mahaifiyata ta ce son jiki ne, surukata ta ce mu muka ƙuntata mata, suka daina gaisawa. Ni kuwa na ɗauka raini ne. Na yi faɗa na gaji, na ce in ta dawo daga awo ta tattara ta tafi gidansu.

Ranar awon ina shago ina haɗa ƙofa, sai ga Inna a kaina da farar rigarta.

"Kashe wutar nan, ɗana."

"Inna, aiki nake."

"Ni ma aikin ne ya kawo ni. Yaushe rabon ka ji dariyar matarka?"

Na kashe wutar, na dube ta. Ta ci gaba.

"Ta yi kuka har ta jiƙa katin yaron. Ta ce in gaya maka, ita ta kasa. Gani take yaranku za su fi hutawa in ba ta duniya."

Na ce, "Me na rage ta da shi? Abinci akwai..."

"Ka daɗe da ƙarfe har kanka ya zama shi. Ciwo ne, yana kama mata bayan haihuwa, kuma yana da magani. Cire tabaran nan mu tafi."

Ita ta haɗa mu da likita. Ita ta zaunar da tsofaffin nan biyu, mahaifiyata da surukata, a benci ɗaya, ta ce su raba kwanakin raino, yarinya ta koma aji. Ni kuma ta ce daga yau ni ne mai kawo yaro awo. Ni kaɗai namiji a layi, mata na tsokana: "Mai walda, kar dai ka ƙona shi!" A zuwa na biyu ta ajiye biro ta ce, "Kai fa?" Ban san akwai kuka a cikina ba sai ranar.

Sai da aka yi wata biyar ana magani. Wata safiya na saka wa yaro wando a baibai, na ji dariya a bayana. Matata ce.

Ba mu kaɗai ba ne. Telan layinmu ya ce har gida Inna ta bi matarsa sau huɗu. Mai gadin asibiti ya ce ya gaji da nuna mata hanyar shagunan mazan da suka ƙi zuwa.

Inna, ke ce mai ganin uwa lokacin da idon kowa ke kan jariri. Ke ce kika hana ni rushe gidana da hannuna. Na gode, matata ta gode. Allah ya saka miki da alheri.

Wadda za ta gaji kujerar nan, kada ki mayar da kujerar iyaye mata da ke kusa da ita jikin bango. Ku kuma maza irina, in kun shiga gida kun ɗauki jariri, ku waiwaya ku tambayi uwarsa, ku tsaya ku ji amsa.

Shekara talatin da ɗaya kina tambaya, ban taɓa jin wani ya tambaye ki ba. Ranar Asabar muna tafe gidanki, mu biyar. Inna, ke fa?