Jar Tutar Kwanar Coci

Shekara talatin da ɗaya Norris Kilpatrick ya yi yana tsayuwa a kwanar coci duk ranar tseren babura na Tullyvarran, kuma babu shekarar da ta wuce bai ce an cuce shi ba. Direban tankar madara ne. Kullum yana zagaya gonaki yana kwasar nono, don haka babu rami ko tudu a titunan wannan yanki na Arewacin Ireland da bai sani ba. Sau ɗaya a shekara, a watan Yuli, ake rufe mil bakwai na titin, a ɗaɗɗaure damman ciyawa jikin turakun lantarki da katangun dutse, a kora shanu can ƙarshen gona, sannan a saki mahaya su yi gudun da ko tsuntsu ya gani sai ya yi musu addu'a. Aikin Norris riƙe tutar gargaɗi ga mahaya. Ba a biyansa, ladansa shayi da burodi.

Ciwonsa ɗaya a duniya, sunansa Alwyn, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Norris ne ya fara kai Alwyn kallon tsere a kafaɗa, shi ya koya masa hawa babur, shi ya gabatar da shi ga kwamiti. Kafin ya ankara, yaron da ya yi wa wankan ƙuruciya ya buɗe shagon taya, ya zama shugaban kwamiti, ya mai da tseren ƙauye kamfani. Ya kawo 'yan talabijin. Ya kafa wa manyan baƙi farar rumfa inda ake cin kifi da cokali mai yatsu. Kallon da ake yi kyauta ta bayan shinge ya koma na tikiti. Mutanen gari suka riƙa cewa Alwyn ya ɗaga sunan Tullyvarran, kuma duk sanda aka faɗa a gaban Norris sai shayinsa ya sarƙe shi.

Saboda haka ya zama sarkin ƙorafi. Ya ce rumfa ta tare iska. Ya ce lasifika na sa shanu riƙe nono. Ya ce motar da Alwyn ya saya kalarta na ɗauke hankalin mahaya. Har ta kai a zaman kwamiti an ware masa nasa lokaci, can ƙarshe, daidai sanda kowa ke laluben kwat ɗinsa. Matarsa Myrtle kan ce da Alwyn zai gina wa garin asibiti kyauta, da Norris ya ce ƙofar ba ta kalli inda ya dace ba.

Abin takaicin shi ne, cikin ƙorafi ɗari akwai guda na gaskiya. A kwanar coci, in an yi ruwa mai yawa, tudun makabartar cocin yakan shanye shi ya yi shiru. Sai rana ta fito, titi ya bushe tas, kowa ya saki jiki, sannan ruwan ya fara tsattsafowa ta ƙasan katanga ya ratsa kwalta, siriri, a inuwar bishiyoyi inda mai gudu ba ya ganinsa. Tsohon shugaba yakan jinkirta tsere awa guda in Norris ya yi magana. Amma yanzu 'yan talabijin sun sayi ƙarfe biyu, kuma ƙarfe biyu ba ta jiran kowa.

A wannan shekarar aka yi ta ruwa tun safe har ƙarfe ɗaya, sannan rana ta buɗe. Norris ya duba gindin katanga ya ga ya fara duhu. Ya danna rediyonsa ya nemi a ɗaga babban tsere da minti arba'in. Alƙalin tsere bai kai ga amsawa ba Alwyn, da ke zaune kusa da shi, ya karɓe rediyon.

"Yaya, bara shanu, bana makabarta? Motar duba hanya ta wuce ta gabanka yanzu, titi kamar an goge shi da tawul."

"Ranka ya daɗe, mai girma shugaba, motarka ta zo da wuri. Ruwan bai iso ba tukuna."

"To in ya iso ka ba shi kujera. Baƙina sun zauna."

Duk masu tuta arba'in suna kan layin, kuma Norris ya ji wani cikinsu yana dariya kafin mutumin ya saki maɓallin rediyonsa.

Aka saki babura. Zagayen farko lafiya. A na biyu ruwan ya fito, faɗinsa bai fi taku ɗaya ba. Norris ya ɗaga tutar santsi, mai ratsin ja da rawaya, wadda doka ta bar masa. Amma wanda ke neman kofi a kan gudun mil ɗari da ashirin ba ya rage mai don ƙyalle. Fintan Mulgrew, wanda ke kan gaba, ya taka wurin, tayarsa ta baya ta yi gefe, kafaɗarsa ta shafi damin ciyawa har ƙaiƙayi ya tashi, Allah ya sa ya miƙe. Norris ya sake kira. Aka ce masa an ji, ana dubawa, saura zagaye huɗu kacal.

Jar tuta na jingine a bayansa. Dokar a bayyane take: mai tuta ba ya taɓa ta sai an ba shi umarni daga sama, domin in kowa zai tsai da tsere don ransa ya ba shi, na baya ne za su yi ta afka wa na gaba. Wanda ya karya, ya bar kwanarsa ke nan. Norris ya san haka sarai, shi yake karanta wa sababbi dokar.

Ya ji kukan injuna daga gangaren gada. Abu biyu suka zo masa a ido lokaci guda: Fintan kwance a gindin katanga, da fuskar Alwyn a gaban baƙinsa in hoton talabijin ya tsaya cak. Har yau in ka tambaye shi wanne ne ya ɗaga masa hannu, sai ya fara yi maka zancen farashin madara. Ya fito bakin titi tun suna da nisa, ya ɗaga jar tuta, ya yi ta kaɗawa kamar mai korar zuma.

Tsere ya tsaya. 'Yan talabijin suka jira minti goma suka koma nuna gasar karnukan kiwo. Da jami'ai suka iso, ruwan ya riga ya ratsa titin daga gefe zuwa gefe, har da 'yar ƙorama. Fintan ya sauko ya daɗe yana kallon wurin, ya matse hannun Norris, ya koma.

Bayan sati kwamiti ya zauna. Aka yi masa godiya, aka karɓe rigar aikinsa da rediyonsa, doka dai doka ce. Bai yi gardama ba, don ya ɗauka aƙalla gari ya san wanda ya yi abin. Ran Alhamis jaridar yanki ta fito da manyan baƙaƙe: Kilpatrick ya fifita ran mahaya a kan riba. Norris ya sayi guda uku kafin ya buɗe. A ciki ga Alwyn, ya ɗaure wuya da laktaye, yana nuna kwanar coci da yatsa, yana alkawarin haƙa magudanar ruwa. Ya kuwa haƙa. Ƙungiyar mahaya ta ba shi lambar yabo.

Da Yuli ta zagayo Alwyn ya aiko masa da katin shiga rumfa. Norris ya mayar, ya sayi tikiti da kuɗinsa, ya tsaya bayan shinge yana harare-hararen matar da aka ba kwanarsa, yana cewa ko riƙon tuta ba ta iya ba. Myrtle ta zuba masa shayi, ta tambaye shi in da za a maimaita, ko zai sake ɗagawa.

Ya bi babura da ido har suka wuce.

"Zan ɗaga," in ji shi. "Amma sai na fara kiran mai hoto."