Wasiƙun Sanda da Kakarmu Ige

A gidanmu, wani ƙauye kusa da Jabo a ƙasar Tambuwal, akwai sunan da ba a kira da ƙarfi, akwai kuma adudun da ba a taɓawa. Sunan na Sanda ne, ƙanen kakarmu. Adudun kuwa na kakar tamu ne, Kaka Ige, wadda ta haifi Baba. Zamanin Turawa ne, ina yarinya, bakina ya fi ni girma.

Idan sanyi ya shigo, an gama kai gero rumbu, da an idar da sallar lisha sai mu jikoki mu dunguma ɗakinta. Wutar kara ce a tsakar ɗaki da guntun icen kirya don garwashi, mu tura gyaɗa cikin toka, ita tana gefe tana kaɗi. Ba ta fara tatsuniya sai ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ta saurari bakin ƙofa, sannan ta jingina bayanta da adudun nan. Tsohuwa ce mai zargi, Allah ya jiƙanta. In baƙo ya tsawaita gaisuwa, yana fita za ta ce da roƙo ya zo. In ka kawo mata fura ba ta aike ka ba, sai ta tambaye ka me ka fasa. Duk da haka ba mu da wurin da ya fi ɗakinta daɗi.

Labarin Sanda kowa ya san shi, amma a gutsure. A gidan nan ya yi karatun allo har ya sauke. Yana saurayi kuturta ta kama shi, aka yi masa bukka a bayan gari, Kaka Ige ce kaɗai ke kai masa tuwo ta zauna har ya ci. Da ya ji labarin wani asibitin mishan inda ake yi wa kutare magani, sai ya tafi. Ciwon ya tsaya, shi kuma bai dawo ba. Ya shiga addininsu, har ya zama mai yawon wa'azi a ƙauyukan da ke gaba da Kebbe. Fatake masu jakuna da ke cin kasuwar Kebbe su ke kawo wasiƙunsa, da ajami, ga yayarsa ita kaɗai. Daga baya wani bafatake ya zo hannu wofi, ya ce Sanda ya rasu. Ba a yi zaman makoki ba, ba wanda ya san inda kabarinsa yake. Wasiƙun nan su ne abin da ya rage mata, su ne a cikin adudun.

Mu yara muna da namu tafsirin. Wasu suka ce wanda ya taɓa takardun, yatsunsa za su zube. Wasu suka ce kiranye ne, in ka karanta sai ka tashi tsakar rana ka nufi kudu ba ka waiwaye. Innata ma in ta share ɗakin sai ta wanke hannu har gwiwa. Ni da ake cewa ba na tsoro, ban taɓa zama a gefen da adudun yake ba.

Rigimar ta taso ne da limamin garinmu ya tsufa, aka fara ambaton Baba a wanda zai gaje shi. Sai wani ya yi magana a ƙofar masallaci, yana kallon sama, wai ko a gidan da ake ajiyar takardun mishan za a ɗauko mai jan salla. Baba ya shigo gida fuska a ɗaure. To, shi ɗan fari ne. Tunda aka haife shi Kaka Ige ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci yana wurin. Da safe daga waje yake durƙusawa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa wa bango. In tana son a gaya masa wani abu sai ta ce, "Ku ce ma wancan." Saboda haka sai Baba ya aiki Innata, ya ce gobe da safe yana son takardun. Innata ta isar da saƙo. Kaka ta ce, "Na jiya," ta ci gaba da kaɗinta.

A daren nan muka tarar ta naɗe asabarin ƙofa duk da sanyin da ake yi. Ɗakin Baba yana bayan zana, kusa da nata. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"To ga ta nan, ta taso daga nesa. Mai barci shi tahi ɗakin uwatai."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wai wata mata ce ta tsinci ƙwan zabo a daji, ta sa wa kazarta. Kaza ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe shi tare da nata, ta yi masa tono, ta kare shi daga shirwa. Da ya girma ya ji 'yan'uwansa suna kuka a bayan gari, sai ya buɗe fiffike ya bi su. Abin da ya bari a akurki 'yan gashinsa ne masu ɗigo-ɗigo. Kaza ta tattara su ta sa a ƙarƙashin fiffikenta. Ana nan babban ɗanta ya zama zakara, yana son shi ne zai riƙa yi wa gari cara. Sauran zakaru suka ce ina, akurkin uwarka warin daji yake yi. Sai ya aiko a ba shi gashin nan ya zubar.

Ta katse labarin a nan, ta koma murza mazari. Ni ce ban iya haƙuri ba.

"Kaka, sai ta ba shi?"

"Mi za ta yi, ke uwar tambaya? Ɗanta na. Ba ta iya ce mai a'a." Ta juya fuskarta wajen ƙofa. "Amma abin da zakara bai sani ba, gashi ba shi tashi, ba shi kiran kowa. Ɗumi ɗai kaza ka ji gare shi. Wanda yat tahi ya riga ya tahi, shari'atai tana ga Allah. Ba ta kaza ba ta, ba ta zakara ba ta."

Daga bayan zana muka ji gyaran muryar Baba. Kaka ta ajiye mazari. "Ƙurunƙus. Ku tashi, wuta ta mutu." Wutar kuwa tana ci bal-bal, gyaɗarmu ko nuna ba ta yi ba. Muka fita muna zumɓura baki, ni kuma a raina na san wannan tatsuniyar ba mu aka yi wa ba.

Da safe Baba ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar kullum. Ta amsa ta ba shi baya, sannan ta turo faifai ta ƙarƙashin asabari, ƙunshin takardun yana kai. Ya ɗauka ya sa a aljihun riga ya fita. Can da hantsi hayaƙi ya tashi a bayan rumbu. Amma a nan ake ƙona shara kusan kowace safiya, ba wanda zai rantse da abin da aka ƙona. Da rana na ga Kaka a wurin da sandarta tana tonon toka. Ta kira ni.

"Ke mai idon kyanwa, kin ga abin da wancan yas sa ma wuta?"

Na ce ban gani ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta dube ni kamar an saye ni da alewa.

Daga ranar zargin nata ya rasa inda zai sauka. Ta zargi Innata da kai gulma, ta zargi matan makwabta, ta zarge ni. Baba ya zama liman. Yana aiko mata goro da zanen salla, ta karɓa ta yi godiya ga ɗan aike, gobe ka ga zanen a jikin wata. Ba ta tambaye shi ba, don ba ta da bakin tambayarsa. Shi ma bai taɓa faɗin abin da ya yi da takardun ba. Ta ci gaba da yi mana tatsuniya, ta gizo da ta kura, amma kaza ba ta sake shigowa bakinta ba. Ta rasu kafin Turawa su tafi. Na yi kuka sosai, har da haushin Baba a ciki.

Sai bayan rasuwar Baba, na riga na yi jikoki, ana rabon littattafansa, yayana ya zazzage wata gafaka. A ƙarƙashin littafin fiƙihu sai ga wani abu cikin jar fata, ɗinkin baduku mai kyau. Wasiƙun Sanda ne, ba wadda ta yage. An jera ganyen dogon yaro a tsakaninsu don kada gara da ƙwari su ci, kuma ganyen bai tsufa ba, na bana ne. Mazan suka yi ta kallon juna, kowa yana jiran wani ya ce nasa ne. Na miƙa hannu na ɗauka, yatsuna kuma har yau suna nan.

Na karanta su. Wa'azin bai fi layi biyu ko uku a kowace ba, na karanta na wuce, addinina yana inda yake. Sauran duk gaisuwa ce, da tambayar ko saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta haihu, ko ruwa ya sauka a Jabo, ko yaron yayarsa ya kai izu nawa. Yayana ya ce Baba ya ajiye su ne kawai don akwai sunan Allah a ciki. Ni na ce tatsuniyar ce ta shige shi. Mun yi musu har mun gaji, mai amsar ba ya nan. Wataƙila ma ni ce na gaji zargin Kaka, ba na yarda da bayani mai sauƙi.

Suna wurina yanzu, kuma duk jikan da ya tambaya ina buɗe masa in ce ga rubutun kakanku Sanda, ga abin da ya zama, ga yadda aka so shi. Ɗan farina kuwa da sunansa nake kiransa, in zaunar da shi in tambaye shi abin da ke raina. Tsofaffin unguwa suna cewa ba ni da kunya. Na yarda. Na ga tsohuwar da ta shiga kabari tana zargin ɗanta da ƙona abin da yake sauya wa ganye duk shekara.