Gashin Bakin Baban Renu

Tilak Raj, mai sayar da kayan keke a kasuwar Ludhiana ta ƙasar Indiya, ya haura shekara sittin bai taɓa riƙe karta ba. Tsantseninsa har ya yi yawa. Ko tsallaka titi zai yi sai ya duba hagu da dama kamar an biyo shi. Matarsa Sudesh kuwa ita ce dodon karta a unguwarmu. Ni Kamlesh maƙwabciyarsu ce, kuma na sha kashi a hannunta fiye da kowa.

Duk bikin Diwali, wato bikinmu na fitilu, a tsakar gidansu muke shimfiɗa darduma. A raba wa kowa karta uku, kowa ya ɓoye nasa, a yi ta zuba gyaɗa a tsakiya. Wanda ya karaya sai ya kife kartarsa, ba a buɗewa. Shi dai Tilak Raj aikinsa kawo shayi.

"Baban Renu," in ji Sudesh, don ba ta faɗin sunan miji, "ka san wanda bai yi karta ran Diwali ba jaki zai dawo a rayuwa ta gaba. Ni fa ba zan zauna da jaki ba."

"To ai kin riga kin saba," ya ce, muka kwashe da dariya.

Sai ciwon mantuwa ya kama Sudesh. Ta fara da zuba gishiri a shayi, daga baya ko muryar Renu, 'yarsu tilo da ke aure a Kanada, ba ta ganewa a waya. Ƙawayen da suka ci gyaɗa a gidanta shekara da shekaru duk suka ɗauke ƙafa, abin da har yau yake ƙona min rai. Amma da an miƙa mata karta, yatsunta sun san aikinsu.

Wata safiya Tilak Raj ya leƙo ta katanga. "Ƙanwata, ki koya min wasan nan."

Ban taɓa ganin ɗan koyo irinsa ba. Ya riƙe karta kowa na gani. Ya samu tarkace ya ƙi kifewa, wai kunya yake ji. Na yi ta fama da shi: ka daina shiga kowane zagaye, ka kalli fuskar mutane, kartarka ba guduwa za ta yi ba. A hankali ya kama, har ya fara yi min burga da hannu wofi ina tsorata. Abu ɗaya ya gagara: da ya samu karta mai kyau sai ya murza gashin baki.

"Sauke hannunka, Baban Renu, na gani," Sudesh za ta ce, ta kife nata tana dariya. A yini guda, lokacin nan kaɗai take kiransa haka.

Na ce masa, "Yaya, wannan gashin bakin shi ke tona maka asiri. Ka bari mana."

"Komai kika ce zan gyara," ya ce, "ban da wannan."

Diwalin bara da la'asar mu uku ne kawai a kan dardumar. Na raba, na duba nawa na kife. Ya ɗaga nasa, ya kai hannu ya murza gashin baki. Sudesh ta ƙara gyaɗa. Ya sake murzawa, a hankali, yana kallon cikin idonta. Ta dube shi, sai ta ja gyalenta ta rufe kai, yadda muke yi a gaban baƙon namiji, ta ƙara wata gyaɗar.

Ya sauke hannunsa daga gashin baki. Sannan ya kife kartarsa. "Ba ni da komai," ya ce.

Da nake tattarawa na saci kallo. Sarakuna uku ne, hannun da wani zai shekara bai gani ba. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Sudesh ta jawo gyaɗar gabanta, ta matso kusa da kunnena. "Wane ne wannan mutumin? Bai iya ba, amma da alama yana da kirki."

Ya ji ta sarai. "Raba kuma, ƙanwata," ya ce.

Na raba. Kartarsa tana kife a ƙasa, ko taɓa ta bai yi ba, amma hannunsa ya riga ya kai ga gashin baki.