Kabarin da Baba Yohanna Kaɗai Ya Sani

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba Yohanna, maƙwabcinmu a Tungar Masunta, 'yar unguwar nan ta bakin kogin Kaduna, kusa da Nasarawa. Har yau in na tuna shi sai kunya ta rufe ni.

Tarihin Tungar a kansa yake. Yakan ce Gbagyi ke noma fadamar, masunta Hausawa suka kafa bukkoki, ma'aikatan masaƙa irinsa suka zo daga kudancin jihar suka kama haya. In gardama ta tashi kan wa ya riga wa, sai ya yi tsaki ya ce, "Kogin nan duk ya girme ku, ku rufa mana baki."

Da shi aka haƙa kabarin mahaifina a tsohuwar maƙabartar bakin ruwa, ina ɗan shekara shida. Mu ba ma rubuta suna a kabari. Da gari ya rikice, mu Musulmi muka koma arewa da kogi, Kiristoci suka dawo kudu, shi ya ci gaba da cire wa kabarin ciyawa duk damina.

Sau uku yana aiko mini: "Sani, ka zo in nuna maka inda babanka yake, ƙafata ta fara gajiya." Ni kuwa kullum sai in ce sai an kwana biyu. Tsoro ne, ba wani abu ba. Gada ce fa kawai tsakaninmu!

Ban tsallaka ba sai ranar ta'aziyyarsa. 'Yarsa Rifkatu ta raka ni maƙabartar, muka tsaya cirko-cirko. Ta ce, "Yaya Sani, wallahi ban sani ba. Shi kaɗai yake shigowa. Ya ce kai zai nuna wa."

Yanzu rigima ake kan filin, Musulmi da Kiristoci, kowane ɓangare na cewa kakanninsa ne kwance a ciki. Da Baba na raye, da ya bi kaburburan da sandarsa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin mai kowanne, na wannan ɓangare da na wancan, har kowa ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya zauna ya rubuta abin da ya sani, ni ma ban yi ba.

Nasa kabarin na siminti ne, da suna a jiki. Duk damina nakan je in cire masa ciyawa. Daga nan in gangara bakin ruwa, in tsaya tsakiyar filin in yi wa mahaifina addu'a, ban sani ba ko a kansa nake tsaye.