Kadan da Ya Samu Tabarma

A jikin kwamfutar Malam Yamusa akwai wani ɗan kati da ya zana alamomi, ya raɗa wa kowace suna: takwas a kwance, ƙugiya, bakin kada. Shekara ashirin da shida yana buga takardun sashen lissafi na wata jami'a a Abuja, tun zamanin tafireta. Kullum daga Lugbe yake hawo bas, ya riga masu shara isowa. Har yau bai san abin da yake bugawa ba, kuma ba ya ɓoyewa.

Bara wata ɗaliba, Rumasa'u, ta kawo masa kundin digirinta na biyu, saura kwana uku ta kare shi gaban farfesoshi. Ya tambaye ta a kan me ta yi.

"Baba, ka ɗauka an shimfiɗa taswirar ɗaki a tsakar ɗakin. Dole a samu ɗigo ɗaya da ya zauna daidai kan wurin da yake nunawa. Shi nake nema, amma a ɗakin da bayan tsawo da faɗi da zurfi, yake da wasu fuskokin marasa iyaka."

"Wane magini ya gina shi?"

"Ba a gina shi ba, Baba."

"To, Allah ya kyauta."

A shafi na sha tara ya tsaya. Ko'ina bakin kada haka nan yake zuwa, amma a nan an ja masa layi a ƙasa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Shi dai aikinsa ya buga abin da ya gani. Wa ya aike shi gyara wa masu digiri? Ya buga, ya share, ya sake bugawa. Bayan azahar ya kira ta.

"'Yata, me ya sa wannan kada shi kaɗai ya samu tabarma?"

Rumasa'u ta duba, ta dafe kai. Layin nan ya bai wa taswirar damar taɓa bango, kuma a irin wannan ɗaki in ta taɓa, ɗigon yana iya ɓacewa, hujjarta duk ta rushe. Malamai biyu sun karanta ba su gani ba. Ta gyara, ta kare, ta ci.

Malam Yamusa, kai ne idon sashen nan. Ba ka gane ba, amma ba ka wuce ba, ka jure kunya ka tambaya. Mu 'yan sashen nan mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk wanda takardar wani ta biyo ta hannunsa, ya riƙe ta yadda ka riƙe.

Ranar Alhamis aka yi walimar ritayarsa. Shugaban sashe ya ce Yamusa ne ɗigon da ba ya motsi, aka yi ta tafi. Malam Yamusa ya sunkuya wajen Madam Helen, wadda za ta gaji kujerarsa.

"Oga yabona ya yi ko zagi?"

Dariya ta hana ta amsa. Ana cikin rabon lemo ya koma ofis, ya ɓamɓare katin nan, ya liƙa shi a kwamfutarta, ya ɗauki hularsa ya fita ta ƙofar baya.